Kan Jirgin Baba, Lamba 1813

Ranar da na sauka Amurka, awa shida na yi zaune a kan akwatina a filin jirgi, ina jiran mutumin da bai zo ba. Ɗan abokin mahaifina ne. Da bakinsa ya ce zai tarye ni, in sauka wurinsa har in kama ɗaki, ya haɗa da rantsuwar da ba wanda ya sa shi. Na buga wayarsa har na haddace muryar baturiyar da ke cewa a bar saƙo. To har yau da nake wannan rubutu ban sa shi a ido ba, kuma ban ce na yafe ba tukuna. Wani direban tasi ne ɗan Kumasi ya ji ina mita ni kaɗai da Hausa, ya tsaya ya ce, "Ɗan'uwa, lafiya?" Shi ya kai ni masallaci a Sterling, a can wani dattijo ya ba ni doguwar kujerar falonsa na kwana huɗu. Sunansa ma ban riƙe ba, abin kunya.

Karatu ne ya kai ni, digiri na biyu a kan ƙasar noma, a College Park. Amma akwai wani aike da na taho da shi wanda ba ya cikin takardun biza. Babana, Malam Iro, direban jirgin ƙasa ne a Zariya, a barikin reluwe aka haife mu duka. Mafi yawan shekarun aikinsa kan jirgi ɗaya ya ja, mai lamba 1813. Kan jirgi shi ne injin da ke gaba yana jan taragai, kuma in Baba yana maganarsa sai ka rantse shi ne ɗansa na fari, ni na zo na biyu. Bayan ya yi ritaya injin ya mutu, aka ture shi bayan loko, inda ake gyaran injuna, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsa. Duk Juma'a in an sauko masallaci sai Baba ya bi ta wurin ya dube shi. Wata Juma'a ya je ya tarar masu sayen tsohon ƙarfe sun yanka sun kwashe, sai baƙin mai a ƙasa. Bai ci abinci ba ran nan. Ko hotonsa ɗaya ba shi da shi, don wa ke ɗaukar hoton abin da yake gani kullum?

Sannan ga ciwon ido. Hawan jinin ido ya riga ya cinye na hagu, na daman kuma likita ya ce sai dai a yi ta ɗiga magani ana jinkirta abin. Saboda haka lokacin da kowa a gida ke ba ni sautun agogo da takalmi, Baba cewa ya yi, "Nasiru, ƙasar da aka ƙera shi za ka. In akwai 1813, ai akwai 1812 da 1814 a can gidansu suna aiki. Ka ɗauko mini hoton ko da ɗaya ne cikin 'yan'uwansa, in gani tun idon nan yana gani."

Na ce, "Haba Baba, wannan ai aikin yini ɗaya ne." Haka na ce, wallahi, har da 'yar dariya.

Zangona na biyu Beltsville ne, ɗakin ƙarƙashin ƙasa a gidan Anti Rifkatu, wata nas 'yar Kafanchan. Ranar da na je duba ɗakin ta tambaye ni daga ina, na ce barikin reluwe na Zariya. Sai ta sauke tabarau ta dube ni da kyau. Ashe babanta ma ɗan reluwe ne, mai juya wa jirgi dogo. Tun daga ran nan, duk Lahadi in ta dawo coci sai in tarar da kwanon faten acca a kan matattakala, ba ta ko ƙwanƙwasa ƙofa.

Layin dogo ya ratsa ta bayan unguwarmu, in jirgin kaya ya wuce har kofin shayina yakan yi rawa a kan tebur. Amma watannin farko ko leƙawa ban yi ba. Sanyi ya zo, irin mai shiga haƙori. Da safe aji, da rana ɗakin gwaje-gwaje ina wanke kwalabe ina tankaɗe ƙasa. Malamina ba shi da mugunta, amma sai da ya yi wata uku yana kirana da sunan wani ɗan Kenya. A bas kowa ya toshe kunne, in ka gaishe da mutum sai ya gyara riƙon jakarsa. Na yi kewar gida har na fara kewar abubuwan da na tsana, irin su hayaniyar 'yan acaɓa a Sabon Gari. Ranar Lahadi nakan sayi katin waya in kankare, in buga wa ƙanwata Rakiya ta miƙa wa Baba. Kafin ya tambayi karatu sai ya fara da, "An ga 'yan'uwan injin kuwa?" Nakan ce, "Baba, sanyi ne, bari ya ɗan ɗaga."

Da sanyin ya ɗaga ba ni da sauran uzuri. Wata Asabar na ari kyamarar Anti Rifkatu na tafi wata 'yar ƙaramar tasha da ke kusa da mu, na tsaya a kan dakali ina karanta goshin duk injin da ya wuce. Wani ɗari bakwai da wani abu, wani dubu biyar da wani abu, ko mai kama da lambar Baba babu. A ƙarshen dakalin kuwa ga wasu tsofaffin turawa su biyar a kan kujerun ninkewa, kowa da fulas da ɗan littafi, ga rediyo a tsakiyarsu tana ta ƙara. Na ɗauka ma'aikata ne. Sai wani jirgin kwal ya taho, baƙi ƙirin, na ga duk sun miƙe suna ɗaga wa direba hannu, ɗaya har da tafi, sannan kowa ya duƙufa yana rubutu. Na ce a raina, tabɗi, ashe in mutum ya ƙoshi da yawa abin da yake zama ke nan.

Asabar ta uku ɗaya daga cikinsu ya taso ya same ni, dogo ne mai rawar hannu. Ya ce sunansa Rasal, tsohon ma'aikacin gidan waya. Ya ce, "Na ga kana duban kowane inji kana girgiza kai. Wace lamba kake nema?"

Na ce, "1813."

Ya buɗe littafinsa. "Na wane kamfani?"

Na ce, "Na babana."

Suka kwashe da dariya, ban da wani mai jar hula da ya dube ni ya kau da kai. Raina ya ɓaci, ni dama ba a daɗe ana lallaɓa zuciyata. Amma Rasal ya jawo mini kujerarsa ya ce in zauna in ba shi labarin tun daga farko. Da na gama sai ya yi mini karatun da ya kashe mini jiki.

Ya ce lambar da ake rubutawa a jikin inji kowane kamfanin jirgi shi ke raba wa nasa, kamar lambar ɗalibi a rajistar aji. In an sayar da injin sai a sake fenti a ba shi wata. Akwai masu 1813 a ƙasar nan, amma ba abin da ya haɗa su da na Baba. Dangin inji ba a lamba ake gane shi ba, a aji ake ganewa. Sai ka ƙirga ƙafafunsa, ka dubi tsawon hancinsa da fankokin da ke kan rufinsa, ka san ƙarfinsa. Ya nuna mini a littafi cewa in ka ga harafin B, to ƙafa biyu ne a gaba biyu a baya ta kowane gefe, in C ne uku-uku. Sannan akwai wata lamba ta daban, wadda masana'anta ke bugawa a kan ɗan farantin ƙarfe a jikin injin. Ita ce ba ta canzawa har ranar da za a yanka shi.

Na ce, "To, sai ku nuna mini 'yan ajinsa."

Ya sosa ƙeya. Ya ce dogon ƙasarmu bai kai nasu faɗi ba, don haka irin na Baba ƙanana ake ƙera su musamman don ƙasashen waje. A kan tarago ake ɗora su zuwa bakin teku, ko yini ɗaya ba su taɓa tafiya da ƙafarsu a Amurka ba. Ya ce, "Ba shi da ɗan'uwa a nan, ɗana. Sai dai dangi na nesa."

Na rasa inda zan sa kaina. Ta yaya zan gaya wa tsoho mai ido ɗaya cewa gidan da ya aike ni babu kowa? Rasal ya ga yadda fuskata ta koma. Ya ce in dakata, akwai wata hanya. Masana'anta takan ɗauki hoton sabon inji kafin a tafi da shi, kuma akwai tsofaffi irinsa da ke tara waɗannan hotuna a kwalaye, sun san juna ta wasiƙa. In Baba zai iya tuna lambar farantin, wataƙila a samo hoton 1813 ɗin kansa, ba ma ɗan'uwansa ba. Ya ce wataƙila, ya maimaita har sau biyu.

Haka na zama ɗan majalisar mahaukatan da na yi wa dariya. Duk Asabar ina can. Rasal ya ba ni sabon littafi, ya rubuta sunansa da lambar wayarsa a shafin farko, ya koya mini yadda suke yi: lamba, aji, lokaci, inda jirgi ya dosa, da abin da ya ɗauko. Rediyon nan ashe maganar direbobi suke saurare da ita, su san abin da ke tafe tun bai iso ba. Akwai mai gane inji da ƙararsa kawai, ido a rufe. Matar Rasal ta rasu, 'ya'yansa suna wata jiha mai nisa, kuma ya ce tun yana ɗan shekara goma yake wannan rubutu. Sau ɗaya ya miƙo mini burodi da naman alade na ce ba na ci, daga nan kullum sai ya soyo mini ƙwai daban ya naɗe a takarda. In azahar ta yi, akwai wani kwali da yake ajiye mini a but ɗin motarsa, in shimfiɗa a bayan motar in yi salla, shi kuma ya rage ƙarar rediyo. In ruwa ya sauko ya sauke ni har ƙofar gida. Mai jar hula dai bai taɓa ce mini uffan ba.

Da na gaya wa Baba a waya abin da ake buƙata, sai na ji ya yi dariya irin wadda na daɗe ban ji ba. Ya ce, "Farantin tagulla? Ni da nake goge shi da toka da lemun tsami duk safiya? Ka ce wa baturen ya kwantar da hankalinsa." Ya ƙi faɗar lambar a waya, wai kar in ji ba daidai ba. Bayan mako uku sai ga wasiƙa shafi uku. Baba da ajami yake rubutu, kamar yawancin sa'o'insa, kuma saboda idon haruffan sun yi manya-manya suna hawa kan juna. A shafi na uku ya zana injin da biro, ya ja kibiyoyi: nan ƙafafu, uku-uku, nan tankin mai, nan mazaunin direba, nan faranti, ga lambarsa. Har inda yake rataye butarsa sai da ya nuna.

Na fassara wa Rasal, ya kwafi lambar, ya ce a daren nan zai rubuta wa mutanensa, sai mu jira. Ni kuma na ninke wasiƙar na maƙale ta a cikin littafina, daidai shafukan da nake rubuta lokutan jirage. Ko kusa ban kawo komai a raina ba.

Ana nan, da zafi ya shigo, Rasal ya ce ya ji labari wani tsohon inji daga dangin nan na nesa zai ratso ta layinmu ranar Talata da tsakar rana, kuma irinsa sun kusa ƙarewa. Na ce faɗuwa ta zo daidai, in hoton masana'anta bai samu ba ai na sami abin aika wa Baba. Akwai wata gada da ake ganin layin sosai daga kanta. Rasal ya ce yana da ganin likita ran nan. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kada ka je kai kaɗai. Zamanin nan ba irin na da ba ne, kuma kai ba ni ba ne."

Maganar ta soke ni. Gaskiya ya faɗa, shekarun nan ne na bayan harin da aka kai musu da jiragen sama, da ake ɗari-ɗari da duk mai suna irin nawa, amma ni a kunnena raini na ji. Na ce masa ni ba yaro ba ne, kuma ban saci gadar kowa ba. Ranar Talata na ƙi zuwa aji, na ɗauki kyamara da littafi na hau gada.

Ban yi minti arba'in ba sai ga motar 'yan sanda biyu. Ba su zage ni ba, ba su taɓa ni da mugun hannu ba, sai "yallaɓai" suke ce mini. Ɗaya ya ce ko zai iya ganin littafin. Ya buɗe, ya ga lokutan jirage na makonni, har da waɗanda suka ɗauko tankokin mai suka dosa Washington. Ya juya shafi, wasiƙar Baba ta faɗo. Na ga idonsa ya tsaya a kan haruffan, ya koma kan zanen, ya bi kibiyar da ta nuna tanki. A lokacin ne ni ma na ga abin da yake gani. Ina zaune a bayan motarsu na ji tsohon injin ya danna oda ya wuce ta ƙarƙashin gadar. Ko rufinsa ban gani ba.

Suka ajiye ni a wani ɗaki mai sanyi, mutane suna shiga suna fita da tambaya iri ɗaya. Wa ya aiko ka? Na ce babana. Me zai yi da hoton jirgi? Na ce gani kawai zai yi. Ni kaina da na ji amsar a bakina sai na ji ba ta yi kama da gaskiya ba. Suka kawo wani Balarabe, ya juya takardar ya ce haruffan nasu ne amma yaren bai san shi ba. Can da la'asar suka samo wani tafinta a waya, suka aika masa shafukan. Mutumin Damagaram ne, daga muryarsa na gane. Ya riƙa karanta layi da Hausa yana juya musu. "Daga Iro zuwa ga ɗana Nasiru, bayan gaisuwa mai yawa. Ina fata kana cin abinci." Haka ya bi har kibiyoyin, har wurin rataye buta. Ɗaya daga cikin 'yan sandan ya sunkuyar da kai. Kafin a kashe wayar sai mutumin ya ce, "Ɗan'uwa, Allah ya ba tsoho lafiya." Duk yinin ban yi kuka ba sai a nan.

Kafin magariba suka mayar mini da kayana suka ce in tafi. A bakin ƙofa ɗayansu ya ce, "Abokinka Rasal ya gaya mana komai a kanka."

Da wannan magana na koma gida, da ita na kwana na tashi. Na ce ashe haka ne. Wa ya san zan hau gadar nan ran Talata in ba shi ba? Ganin likitan ma ƙarya ne. Ƙwan da kwalin sallar duk don ya jawo ni ne in saki baki. Na haɗa shi da mai jar hula da sauran na zuba su a kwando ɗaya. Ga tsoro kuma, don na san tambaya ɗaya in ta shiga takarduna, karatun ya ƙare ke nan. Na jefa littafin ƙasan akwati. Na roƙi Anti Rifkatu in baturen nan ya bugo ta ce na tashi, kuma ba ta san inda na koma ba. Ta ce, "Nasiru, ka tabbata?" Na ce na tabbata. Ya bugo sau huɗu, sau huɗu tana yi masa ƙarya saboda ni.

Wata shida na yi a haka. Na canza hanyar bas don kar in bi ta tashar. In jirgi ya wuce ta bayan gida sai in ƙara muryar rediyo. Ban gaya wa kowa a gida abin da ya faru ba. Duk Lahadi Baba ya ce, "Baturen ya samo?" in ce, "Ana nan ana nema, Baba." Azumi ya zo, na yi shi ni kaɗai da dabino da burodi a ɗakin gwaje-gwaje. Bayan salla sai na lura Baba ya daina tambaya, sai dai karatu da sanyi da abinci. Allah ya gani, daɗi na ji. Na ɗauka ya haƙura ne, na sami sauƙi.

Farkon Disamba na dawo daga makaranta da yamma, Anti Rifkatu ta kira ni falo. Ina shiga na ga Rasal a kan kujera da kofin shayi, ya rame, ga wata babbar ambulan a kan cinyarsa. Na juya zan fita. Anti ta ce, "Ka tsaya nan. Ni na gaji da yi wa tsoho ƙarya, ina da Allah ni ma. Ya gan ka jiya a tashar bas, ya zo. Ka zauna ka ji."

Ban zauna ba, a tsaye na ji. Ya ce ranar gada yana kwance a asibiti an ɗaura masa wayoyi a ƙirji 'yan sanda suka bugo masa, don sun ga lambarsa a shafin farko na littafina. Ya sa aka cire wayoyin, ya biya gida ya kwaso kwalin littattafansa na shekara da shekaru, ya kai musu ofis. Awa biyu yana nuna musu cewa abin da na rubuta shi ya koya mini, kuma in laifi ne to shi ya fi ni. Wanda ya kira su kuwa bai sani ba har yau, mai yiwuwa wani mai wucewa ne a mota. Ya ce, "Ban ji haushinka ba. Da ni ne ma, ɓuya zan yi."

Sannan ya miƙo mini ambulan ɗin, ya ce ɗaya daga cikin mutanensa ne ya aiko masa. Na dubi hatimin gidan waya da ke kai, na watan Yuli ne, mako uku kacal bayan ranar gada. Ya ce da aka gaya masa na tashi bai san inda zai aika ba, sai ya riƙa zuwa da ita tasha duk Asabar, yana ajiyewa a gaban mota ko zan ɓullo.

Hoton baƙi da fari ne, babba. Ga shi nan sabo fil a kan tarago a harabar masana'anta, fenti yana ƙyalli, 1813 a goshinsa, ga ɗan farantin a gefe daidai inda Baba ya zana. Na durƙusa a gaban tsohon nan, ban ma san na yi ba. Ya ɗago ni. Ya ce, "Idon nasa fa?" Na ce yana nan. A gaskiya ban sani ba, don na daina tambaya tun da ya daina.

Anti Rifkatu za ta gida Kirsimeti, ta ce ba za ta ba kowa saƙon nan ba, da ƙafarta za ta kai Zariya. Ta sa shi tsakanin kwali biyu a jakar hannunta. Ranar da ta ce za ta isa na ƙi fita ko'ina, na yi ta lissafin awanni har na daidaici bayan azahar ɗinsu, na buga.

Baba ne ya karɓa. "Nasiru! Na gan shi! Shi ne, wallahi shi ne. Kai, ka ga yadda yake ƙyalli? Ga tagar da nake leƙowa, ga matakalar da na taɓa zamewa a Funtuwa. Ashe haka yake yana yaro." Ya yi ta lissafa sassansa ɗaya bayan ɗaya, bai kuskure ko ɗaya ba. Ya sa mini albarka, ya sa wa Rasal, ya ce in gaya masa wani tsoho a Zariya ya gode. Na jingina da bango ina hamdala. Na ce Allah ya rufa mini asiri, wautata ba ta ci ni ba.

Sai Rakiya ta karɓi wayar. Na ji takunta, na ji ta ja ƙofa, hayaniyar ɗakin ta yi nisa.

Ta ce, "Yaya, kana jina?"

Na ce ina ji.

"Idon ya tafi tun tsakiyar azumi. Ya ce duk wanda ya gaya maka bai yafe ba, wai kar karatunka ya lalace. Yanzu ma bayan hoton yake kallo, farin, inda baturen ya yi rubutu. Anti ta miƙa hannu za ta juya masa, na riƙe ta."

Ta ja hanci ta ce, "Da ma a ce ya iso kafin azumi. Har shan ruwa na goma yana gane fuskata. Amma ba komai, Yaya, ai ba laifinka ba ne, ka yi iya ƙoƙarinka."

Na ce, "Rakiya, tun watan Yuli hoton yake jirana. Ni na ƙi zuwa."

Daga can cikin ɗaki ina jiyo Baba yana ƙwala wa maƙwabcinmu kira, wai ya zo maza ya ga abin da ɗansa ya aiko masa daga Amurka.